Gonar da Irmiya ya saya ana tsakiyar yaƙi

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako domin waɗanda data ba ta bari su saurari murya ba, da kuma masu cewa sun fi gane abu idan sun karanta da idonsu.

Yau za mu taɓa wata tambaya da take damun matasa da yawa, har waɗanda suka tashi cikin ikilisiya tun suna makarantar Lahadi. Wai shin Allah mai jinƙai ne ko mai hukunci? Wani zai ce maka idan ya buɗe Tsohon Alkawari tsoro yake ji, idan ya koma Sabon Alkawari sai hankalinsa ya kwanta, kamar Allah biyu ne a littafi ɗaya. Ni dai ina ganin wannan rabo bai yi daidai ba, kuma inda zan nuna haka shi ne wuri mafi duhu a tarihin mutanen Yahuza, wato faɗuwar Urushalima. Idan akwai jinƙai a can, to akwai shi ko'ina.

Bari mu fara da abin da ya faru.

A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya zo Urushalima da rundunarsa. Sarkin Yahuza a lokacin saurayi ne ɗan shekara 18, sunansa Yekoniya, wasu wurare kuma a kira shi Yehoyakin. Wata uku kacal ya yi a gadon sarauta ya miƙa wuya. Aka kwashe shi da mahaifiyarsa da fādawa da maƙera da masassaƙa zuwa Babila, aka naɗa baffansa Zadakiya a madadinsa. Ku riƙe sunan yaron nan, za mu dawo gare shi.

Zadakiya ya yi 'yan shekaru yana biyan haraji, daga baya ya tayar da kai yana dogaro da Masar. Sai Babilawa suka dawo suka kewaye birnin. Bisa lissafin littafin Sarakuna na biyu sura 25, sun kai kimanin shekara ɗaya da rabi a bakin garu, har abinci ya ƙare ƙarƙaf. Aka huda garun, sarki ya gudu da dare, aka cim masa a filayen Yariko. Aka kai shi Ribla gaban Nebukadnezzar, aka yanka 'ya'yansa maza yana kallo, sannan aka ƙwaƙule masa idanu. Abu na ƙarshe da ya gani a duniya ke nan. Bayan kamar wata guda shugaban dogaran sarki, Nebuzaradan, ya cinna wa Haikali wuta, da fāda, da manyan gidaje. Shekarar ita ce 586, wasu masana tarihi suna lissafa ta 587.

To, littafin bai ɓoye dalili ba. Bai ce Babila ta fi Ubangiji ƙarfi ba, cewa ya yi Ubangiji ne ya bashe su. Nan ne mutane suke ja da baya. Amma ku duba tsawon lokacin da aka ɗauka ana gargaɗi. An kira Irmiya annabci tun shekara ta 13 ta sarautar Yosiya, wajen shekara 40 ke nan kafin birnin ya faɗi. A sura 25 shi da kansa ya ƙirga, ya ce shekara 23 yana magana ba wanda ya kasa kunne. Akwai lokacin da ya sa magatakardansa Baruk ya rubuta saƙon duka a naɗaɗɗen littafi, aka kai wa sarki Yehoyakim. Lokacin sanyi ne, sarki yana jin ɗumi a gaban kasko. Ana karanta masa shafi uku ko huɗu sai ya sa wuƙa ya yanke ya jefa a wuta, haka har littafin ya ƙare. Me Allah ya yi? Ya ce wa Irmiya ya ɗauki wani ya sake rubutawa. Wanda yake ɗokin hallaka mutane ba ya sake aiko da wasiƙa bayan an ƙone ta farko.

Kuma laifin da ake magana a kai ba ƙaramin abu ba ne. Ban da bautar gumaka, sura 7 ta lissafa sata, kisa, zina, rantsuwar ƙarya, zaluntar baƙo da maraya da gwauruwa. Suna yin wannan duka, sai su shigo Haikali su ce ai mun tsira, gidan Allah yana garinmu. Akwai wani labari a sura 34 da ba a cika yin wa'azi a kansa ba, amma shi ne ya fi nuna mini halin mutanen. Da yaƙi ya matsa, sai manyan gari suka yi alkawari a gaban Allah, suka 'yantar da bayinsu Ibraniyawa. Da rundunar Masar ta taso, Babilawa suka ɗan janye, sai suka ga ai ƙura ta lafa, suka bi bayin nan suka kamo su suka mayar da su bauta. Tuban muzuru ke nan. Yanzu ka sa kanka a matsayin baiwar da aka sake ta jiya aka kamo ta yau. Idan aka ce maka Allah ba ya hukunci, wannan albishir ne a gare ka? A'a. Ga wanda aka danne, jin cewa akwai mai shari'a shi kansa jinƙai ne. Mu da muke jin zafin kalmar hukunci, wani lokaci don ba mu ne a ƙasan takalmin ba.

Yanzu ga gonar.

Ana cikin kewayen nan, a shekara ta 10 ta Zadakiya, Irmiya yana tsare a farfajiyar matsara, domin sarki ya gaji da jin yana cewa birnin zai faɗi. Sai ga ɗan'uwansa Hanamel, ɗan baffansa, ya zo masa da ciniki: ka sayi gonata da take Anatot. Anatot garinsu ne, kamar kilomita 5 arewa maso gabas da Urushalima, wato daidai yankin da sojojin abokan gāba suka mamaye. A dokar Musa, idan mutum zai sayar da gādo, dangi na kusa ne yake da hakkin fansa, don kada ƙasa ta fita daga zuriya. Hanamel dai ya san abin da yake yi. Wa zai sayi fili inda ake yaƙi? Ko dillalin da ya fi kowa zaƙin baki ba zai samu mai saye ba.

Irmiya ya saya, domin Ubangiji ya riga ya gaya masa mutumin zai zo. Ya auna azurfa shekel 17, ya rubuta takardar ciniki, ya kira shaidu, aka yi kofi biyu, ɗaya a hatimce ɗaya a buɗe. Ya ba Baruk ya ce ya sa su a tukunyar ƙasa don su daɗe ba su lalace ba. Saƙon shi ne, wata rana za a sāke sayen gidaje da gonaki da gonakin inabi a ƙasar nan.

Abin da ya burge ni shi ne, bayan ya gama biya sai ya koma ya yi addu'a, kuma addu'ar ta ƙare da mamaki. Kamar yana cewa, ya Ubangiji, ga mahaurai an gina a jikin garu, ga yunwa, ga annoba, abin da ka faɗa ya cika, kai kuma ka ce in sayi gona? Annabin da kansa abin ya ɗaure masa kai. Bakin da ya yi shekara da shekaru yana cewa birni zai ƙone, shi ne aka sa ya fitar da kuɗinsa ya zuba a kan makomar ƙasar. Ba a janye hukuncin ba ko kaɗan, birnin ya ƙone. Amma tun kafin a kunna wutar, takardar dawowa tana cikin tukunya.

Ku lura, ba a jira mutane sun gyaru aka yi alkawarin ba. Alkawarin ya rataya ne a kan abin da Allah ya riga ya rantse wa Ibrahim da Dawuda. Abin da Littafi Mai Tsarki yake nufi da aminci ke nan. Kuma amincin nan kaifi biyu gare shi. Tun a Maimaitawar Shari'a sura 28 an shimfiɗa musu albarka idan sun bi, la'ana da bauta idan sun ƙi, a sura 30 kuma aka ce ko an watsa su har ƙarshen duniya za a tattaro su. Allahn da ya cika maganar gargaɗi shi ne ya cika maganar dawowa. Da ya yi wasa da ta farko, da ba mu da dalilin gaskata ta biyu.

Mu shiga littafin Makoki, wanda aka rubuta a kan tokar birnin. Al'ada tana danganta shi da Irmiya, shi littafin bai ambaci sunan marubucinsa ba. Surori biyar ne, kuma ba abin karantawa ba ne kana cin gyaɗa. Akwai yara suna suma a titi suna tambayar iyayensu mata abinci. Akwai mata masu tausayi da yunwa ta kai su ga dafa 'ya'yansu. Marubucin ya kai ga cewa Ubangiji ya zama kamar maƙiyi. Wannan maganar tana cikin Littafi Mai Tsarki, ba a goge ta ba. Don haka idan wani ya ce maka mai bi ba ya kuka, ba ya tambayar Allah don me, ka tura shi can.

Akwai wani abu a tsarin littafin da fassara ba ta iya nunawa. Haruffan Ibrananci 22 ne. Sura 1, 2 da 4 kowacce aya 22 ce, kowace aya tana farawa da harafi bi da bi, daga na farko zuwa na ƙarshe. Sura 3 aya 66 ce, kowane harafi ya samu aya uku. Sura 5 ita ma aya 22, amma ba ta bi jerin haruffan ba. Kamar mutum ne ya ce zan yi kukan nan daga farkon baƙi har ƙarshensa, ba zan tsallake ko ɗaya ba, amma kuma kukan yana da iyaka, domin haruffa suna ƙarewa.

A sura 3 ne wani mutum yake magana da bakinsa. Ya ce an kewaye shi da shinge, an toshe addu'arsa, an farfasa haƙoransa da tsakuwa, ya manta yadda daɗi yake. Ya kai inda ya ce begensa ya mutu. Sai a aya ta 21 ya juya. Babu abin da ya canja a waje, birni yana nan a rushe, Babilawa ba su tafi ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya tuno wani abu da gangan, ya jawo shi cikin zuciyarsa. Abin da ya tuno, a ayoyi 22 zuwa 24, shi ne ƙaunar alkawari ta Ubangiji ba ta yanke ba, tausayinsa bai ƙafe ba, kowace wayewar gari da sabo ake tashi, kuma amincinsa ba shi da ma'auni. Ayoyin nan muna sa su a kalanda da hoton fitowar rana, muna rera su a sujada, amma wanda ya fara faɗinsu a kan kufai yake zaune.

Kalmomi uku ne a wurin, kuma biyu daga ciki kunnen Bahaushe ya san danginsu. Ta farko hesed, ƙaunar da ta ɗaure kanta da alkawari, irin wadda ba ta tafiya don an ɓata mata. Ta biyu rahamim. Kun ji ta yi kama da rahama, ko? Ba haɗari ba ne. Ibrananci da Larabci 'yan gida ɗaya ne, mu kuma daga Larabci muka aro rahama. A harsunan biyu, tushen kalmar ɗaya ne da na mahaifa, wato cikin uwa. Tausayin da ake nufi irin wanda uwa take ji a hanjinta ne idan ɗanta yana kuka. Ku tuna littafin da aka faɗi haka, littafin da tausayin uwaye na duniya ya karye saboda yunwa. Ta uku emuna, aminci, tushenta ɗaya da amin da muke cewa bayan addu'a, ɗaya kuma da amana da imani. Abin da za ka jingina da shi bai goce ba.

Sai ayoyi 31 zuwa 33, waɗanda a wurina su ne zuciyar amsar tambayarmu. Ma'anarsu ita ce yashewar Ubangiji ba ta har abada ba ce, ko ya sa baƙin ciki zai ji tausayi, kuma wahalshe da 'yan Adam ba daga zuciyarsa yake fitowa ba. A Ibrananci kalmar zuciya ce a wurin. Wato hukunci da jinƙai duka nasa ne, duka gaskiya ne, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Ɗaya abin da zunubi ya jawo ne, ɗayan kuma halinsa ne. Haka ya bayyana kansa ga Musa a Fitowa 34, bayan ɗan maraƙin zinariya: ƙaunarsa ga dubbai, hukunci zuwa tsara ta uku da ta huɗu, kuma ba ya kuɓutar da mai laifi kamar ba a yi komai ba. Ku auna dubbai da huɗu.

A nan dole in tsaya in ja kunne, domin akwai masu ɗaukar irin wannan darasi su mayar da shi sanda. Faɗuwar Urushalima mun san hukunci ce don annabawa sun faɗa tun kafin ta faru, sun kuma faɗi dalili. Wannan bai ba ni ko kai izinin duban mara lafiya, ko matar da ba ta haihu ba, ko garin da aka kai wa hari, mu ce ai zunubinsu ne ba. Abokan Ayuba sun yi haka, Allah ya tsawata musu. Almajirai sun tambayi Yesu a Yahaya 9 ko laifin wa ya sa aka haifi mutum makaho, ya ce ba nasa ba ne ba na iyayensa ba. A Luka 13 ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba, sannan ya juya maganar tuba kan masu sauraronsa. Idan za ka yi amfani da darasin hukunci, fara da madubi. Kuma kada mu manta, cikin waɗanda suka sha wahalar Urushalima akwai Irmiya da kansa da jarirai da ba su san komai ba. Littafin Makoki bai yi kamar wannan ba ciwo ba ne.

Wani abu kuma, jinƙan nan bai zo da gaggawa ba. Akwai wani annabi Hananiya da ya ce cikin shekara biyu kowa zai dawo gida, har ya karya karkiyar itacen da Irmiya ya rataya a wuya. Mutane sun so maganarsa, wa ba zai so ba? Bai ga ƙarshen shekarar ba. Irmiya kuwa ya aika wa 'yan bauta wasiƙa ya ce su gina gidaje, su dasa lambuna, su yi aure su aurar, su yi wa Babila addu'ar zaman lafiya, domin shekara 70 ce. Ayar nan ta Irmiya 29:11 da muke sawa a status ranar jarrabawa ko ranar neman biza, a cikin wasiƙar nan take. Yawancin waɗanda suka fara jin ta a Babila aka binne su. Alkawarin gaskiya ne, amma jikoki ne suka taka hanyar gida. Ban ce ku daina sa ta ba, ku dai karanta aya ta 10 tukuna.

Kuma an dawo ɗin. A shekara ta 539 Sairus sarkin Farisa ya ci Babila, ya ba Yahudawa izinin komawa su gina Haikali. Ranar da aka kafa harsashi, Ezra 3 ta ce tsofaffin da suka san Haikalin farko suka fashe da kuka, matasa suna sowa, har ba a iya rarrabe kukan da murnar daga nesa. An kammala ginin a shekara ta 6 ta sarki Dariyus.

To, ina yaronmu Yekoniya? A Irmiya 22 an yanke masa magana mai nauyi: ko da shi zoben hatimi ne a hannun daman Ubangiji za a cire shi, kuma babu ɗansa da zai zauna a gadon Dawuda yana mulkin Yahuza. Haka ya kasance. Amma a kufan Babila, masu tonon tarihi Jamusawa sun samo allunan yumɓu na ma'ajin fāda, an rubuta rabon mai da ake ba shi, da sunansa da laƙabinsa na sarkin Yahuza, da 'ya'yansa biyar. Allunan suna Balin a yau. Littafin Sarakuna na biyu kuma ya rufe da shi: a shekara ta 37 ta bautarsa, sabon sarki Ewil-merodak ya fito da shi daga kurkuku, ya tuɓe kayan fursuna, ya riƙa cin abinci a teburin sarki har ƙarshen ransa. Ya shiga yana ɗan 18, ya fito da furfura.

Jikansa Zarubabel shi ne gwamnan da ya jagoranci ginin Haikali na biyu. Bai zama sarki ba, maganar hukuncin ta tsaya. Amma ta bakin annabi Haggai, a ayar ƙarshe ta littafinsa, Ubangiji ya ce zai mai da Zarubabel kamar zoben hatimi. Zoben da aka cire daga kaka, an mayar a kan jika. Idan kuma kuka buɗe shafin farko na Sabon Alkawari, Matiyu sura 1, jerin sunayen nan da muke tsallakewa don suna da wuyar faɗa, za ku tarar da Yekoniya da Zarubabel a layin da ya sauko har kan Yusufu mijin Maryamu, wadda ta haifi Yesu. Shi kuma Yesu, da ya hango birnin nan a makonsa na ƙarshe, ya faɗi hukuncin da zai sāke zuwa mata yana kuka da hawaye, sannan ya shiga ya mutu a bayan garunta. Abin da Bulus ya bayyana a Romawa 3 ke nan, cewa a gicciye Allah ya nuna shi mai adalci ne, kuma shi ne mai kuɓutar da mai ba da gaskiya. Wannan kuwa shiri ne guda mai zaman kansa, ba za mu cusa shi a minti biyu ba.

Aikin gida: ku karanta Makoki daga farko har ƙarshe a zama ɗaya, ba zai ci muku rabin awa ba. Za ku ga bai ƙare a sura 3 ba, bayan ayoyin bege kukan ya ci gaba, ayar ƙarshe ma tana tsoron ko an ƙi su ɗungum. Yahudawa suna karanta littafin kowace shekara ranar 9 ga watan Ab, ranar tunawa da rushewar Haikali, kuma idan sun kai ƙarshe sukan koma su maimaita ayar da take kafin ta ƙarshe, wadda take roƙon Ubangiji ya komo da su gare shi.

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.